Shaidar Mashayi: Giya, Cin Amana da Shari'a a Tarihin Labarin Zullumi

A watan Agusta na shekarar 1843 wata jaridar mako-mako ta birnin Filadelfiya, a Amurka, ta buga wani gajeren labari na Edgar Allan Poe. Masu karatun Faransanci sun san shi da sunan Le Chat noir, wato Baƙar Kyanwa, tun da Baudelaire ya fassara shi ya sa cikin kundinsa na 1857. Mai ba da labarin yana tsare a kurkuku, washegari za a zartar masa da hukuncin kisa, yana kuma son ya sauke abin da ke ransa kafin gari ya waye. Ya ce shi mutum ne mai taushin zuciya da son dabbobi tun yana yaro, har giya ta shiga rayuwarsa. Wani dare ya komo gida a buge, ya ƙwaƙule idon kyanwarsa da ƴar wuƙa, bayan wani lokaci kuma ya rataye ta a reshen itace. Ya samo wata kyanwar mai kama da ita a gidan giya, ita ma ya tsane ta. Ranar da ya ɗaga gatari zai sare ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, matarsa ta riƙe masa hannu, sai ya sauke gatarin a kanta. Ya gine gawar cikin bango. Ƴan sanda sun zo sun duba ko'ina ba su ga kome ba, suna shirin fita ke nan ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa don alfahari, sai kuka ya amsa daga ciki. Ashe ya gine kyanwar da rai tare da gawar.

Daga irin wannan labari ne wani reshe na adabin Turai da Amurka ya tsiro, wanda za a iya kira labarin zullumi. Ya bambanta da labarin ɗan sanda da aka saba. A can, mai karatu yana bin sawun mai bincike har a kama ɓarawo. A nan kuwa an shigar da shi cikin kan mutumin da abin ya shafa, yana gani da idonsa, yana tsoro da tsoronsa, kuma ba shi da tabbas ko idon da aka ara masa lafiyayye ne. Wannan ne ya sa mashayi ya zama na gaban goshin marubutan wannan fanni, domin ba wanda ya kai shi ganin abu yau ya kasa rantsuwa a kansa gobe. A cikin shekaru 170 da suka biyo bayan Poe, mashayin bai taɓa fita daga zauren shari'a na labari ba. Mazauninsa ne kawai ya riƙa sauyawa, kuma kowane sauyi ya biyo abin da likitoci da alƙalai na zamanin suka ɗauka game da giya.

Poe bai ƙago salon ikirarin mashayi ba, a titi ya tsince shi. A 1840 wasu mashaya shida a birnin Baltimo suka kafa ƙungiyar daina sha da suka raɗa wa sunan Washington, kuma babban makaminsu shi ne tubabben mashayi ya miƙe gaban jama'a ya zayyana yadda kwalba ta rusa masa gida. Poe ya ɗauki wannan tsari, ya zare tubar daga ciki. Wanda ya karanta labarin da natsuwa zai lura cewa ba a ce mutumin yana cikin maye ba sa'ad da ya kashe matarsa, kuma da bakinsa ya faɗi cewa a daren ya yi barci mai daɗi. Giya a bakinsa hanzari ce, kuma mai karatu da ya fara tausaya masa shi ne na biyu da ya ci wa amana bayan matar. Hukuncin dai ya tabbata cif, amma ba gwanintar ƴan sanda ta kawo shi ba. Girman kan mai laifi da kukan dabba suka tona asiri.

A 1849, shekarar da Poe ya rasu, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Magnus Huss ya fitar da littafin da ya ba shaye-shayen giya suna na cuta. Shekara takwas bayan haka likitan mahaukata Bénédict Morel, a Faransa, ya zo da ra'ayin da ya fi wannan nauyi: cewa lalacewar da giya ke yi tana bin jini, tana ƙaruwa daga uba zuwa ɗa zuwa jika har zuri'a ta ƙare. Da Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a yaƙin 1870, sa'an nan tawayen birnin Paris ya biyo baya a 1871, manyan ƙasar suka sami wanda za su ɗora wa laifi, wato lebura mashayi. A 1873 aka kafa dokar hukunta maye a bainar jama'a. Cikin wannan iska Émile Zola ya rubuta littattafansa 20 na zuri'ar Rougon-Macquart. Malaman Faransanci sun fi sanin L'Assommoir na 1877, inda Gervaise mai wanki da mijinta Coupeau suka nutse cikin barasa har mijin ya mutu yana karkarwa a asibitin mahaukata. Amma littafin da ya shafi wannan tarihi kai tsaye shi ne La Bête humaine na 1890, labarin ɗan Gervaise, Jacques Lantier, direban jirgin ƙasa a kan layin Paris zuwa Le Havre.

Abin lura na farko shi ne Jacques ba ya sha. Yana gudun giya domin ya san ɗigo kaɗan na iya haukata shi, yana kuma ganin cewa bashin iyaye da kakanni mashaya ne yake biya: duk sa'ad da sha'awar mace ta taso masa, sha'awar yanka ta kan taso tare da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu magana, sai dai Zola ya mai da wannan karin magana hukuncin likita. Wani dare Jacques yana tsaye a bakin layin dogo, jirgi ya wuce da gudu, ta tagar wani tarago ya hango cikin ƙiftawar ido ana yanka wani mutum. Wanda aka kashe shi ne Grandmorin, tsohon babban alƙali kuma jigo a kamfanin jirgin. Wanda ya kashe shi kuwa Roubaud ne, mataimakin shugaban tashar Le Havre, wanda ya gano cewa dattijon da ya riƙe matarsa Séverine kamar ƴa, ya aurar da ita, ya kuma ɗaga shi a wurin aiki, ya daɗe yana lalata da ita tun tana yarinya. Amana ta farko da aka ci a littafin ita ce ta marainiya a gidan mai riƙonta, kuma alƙali ne ya ci ta.

Daga nan Zola ya juya kan shari'a, kuma a nan littafin ya fi ƙarfi. Alƙali mai bincike na birnin Ruwan, Denizet, mutum ne mai ji da basirarsa. Zarginsa ya faɗa kan Cabuche, wani ƙato mai fasa dutse da ke zaune shi kaɗai a daji, wanda ya taɓa zaman kurkuku. A Paris kuma babban sakataren ma'aikatar shari'a, Camy-Lamotte, yana riƙe da ƴar wasiƙar da Séverine ta rubuta, wadda ta isa ta tabbatar da laifin ma'auratan. Bai fito da ita ba. Zaɓen 1869 na ƙaratowa, kuma shari'ar gaskiya za ta tona halin Grandmorin, ta shafa wa gwamnatin Napoleon na Uku da kamfanin jirgi baƙin jini. Aka rufe magana. Bayan haka Séverine ta zama farkar Jacques, ta nemi ya kashe mata mijinta, shi kuwa ciwonsa ya motsa ya yanka ta ita. Denizet ya sake buɗe bincike, ya ɗinka wani kyakkyawan bayani da babu ɓaraka a cikinsa: wai Roubaud ne ya yi hayar Cabuche don kwaɗayin gado, a kisan farko da na biyu. Da Roubaud ya gaji ya faɗi gaskiya tsantsa, cewa shi ya kashe dattijon saboda kishi kuma Cabuche ba ruwansa, alƙalin ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya mafi wayo. Aka yanke wa mutanen biyu ɗaurin rai da rai da aiki mai tsanani. Jacques ya tsaya a kotu a matsayin mai shaida, tsaf da shi, ba warin giya, hawaye na zuba, kowa ya gaskata shi. Wasiƙar kuwa ta ƙare a wuta.

Ra'ayin Morel ya mutu tuntuni. Likitocin yau sun yarda cewa saurin kamuwa da jarabar giya na iya bin gado, amma ba wanda ke cewa jikan mashayi zai gaji yanka mata. Wannan ɓangaren littafin ya tsufa, har ma yana neman wanke Jacques fiye da kima. Ɓangaren shari'ar ne ya ƙi tsufa. Shekara takwas bayan fitowarsa, a watan Janairu na 1898, Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙarsa kan shari'ar Kyaftin Dreyfus, inda ya tarar a zahiri da abin da ya riga ya ƙaga: takardu a ɓoye, marar laifi a tsare, manya sun san gaskiya sun zaɓi rufin asirin hukuma. Shi aka gurfanar, har ya tsere Ingila.

Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, kuma abin dariya, a ƙarshen wannan zamani ne adabinta ya cika da masu bincike da ke kwankwaɗar wiski kamar ruwan randa ba tare da hannunsu ya yi rawa ba, irin na Dashiell Hammett da Raymond Chandler. Wannan ado ne kawai. Sauyin gaske ya zo ta wata hanya. A 1935 Bill Wilson da likita Bob Smith suka haɗu a garin Akron, suka kafa ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna, wadda ta ɗauki mashayi a matsayin majinyaci mai iya farfaɗowa. A 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da jarabar giya a matsayin cuta. Da zarar an yarda mashayi majinyaci ne, marubuci na iya ba shi wani matsayi ban da na mugu.

Georges Simenon, ɗan ƙasar Beljiyam da aka fi sani da Kwamishina Maigret, ya riga likitocin. A littafinsa Les Inconnus dans la maison na 1940, mashayin ya tashi daga akwatin wanda ake tuhuma ya sa rigar lauya. Hector Loursat lauya ne ɗan babban gida a garin Moulins. Shekara 18 ke nan da matarsa ta gudu da wani ta bar masa ƴar jaririya, Nicole, kuma tun ranar ya rufe kansa a ɗakin karatunsa da littattafai da kwalaben jan ruwan inabi. Suna cin abinci a teburi ɗaya da ƴar, ba ya ce mata uffan. Wani dare ya ji ƙarar bindiga a cikin gidansa, ya hau bene ya tarar da gawar mutumin da bai taɓa gani ba. Sai ya gano cewa ƴarsa da wani gungun samari, akasarinsu ƴaƴan masu hali, sun daɗe suna taruwa a saman kansa, har sun kaɗe wani da mota sun kawo shi nan suna jinya a ɓoye. Baƙin da sunan littafin ke nufi ba samarin kaɗai ba ne. Uban da ƴar ma baƙin juna ne.

Simenon ya san yadda ƙaramin gari ke kare kansa. Mai shigar da ƙara dangin Loursat ne, jagoran gungun kuma ɗan ƴar'uwarsa ne, saboda haka hankalin manya ya kwanta da aka kama Émile Manu, ɗan wata matalauciyar gwauruwa, saurayin Nicole. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Loursat ya karɓi kare yaron, ya fita daga kogonsa, ya bi gidajen giya da lungunan da lauya mai mutunci ba zai taka ba. Abin da Simenon ya gane, wanda ya sa littafin ya wuce tsaransa, shi ne cewa faɗuwar Loursat ita ce ƴancinsa. Mutumin da garin ya riga ya yafe ba ya tsoron a daina gayyatarsa cin abinci. Ya wanke Manu a gaban kotu, ya sa mai laifin ya fashe da ikirari. Sai dai akwai tabo. Mai laifin, Luska, shi ma ɗan talaka ne, ɗan baƙin haure, don haka ƴaƴan manya sun fita ba ƙwarzane. Da aka mai da littafin silima a 1942, a ƙarƙashin kamfanin Continental da Jamusawa suka kafa lokacin mamaya, wannan zaɓi ya ɗauki wata ma'ana mai muni, har aka hana nuna fim ɗin bayan yaƙi bisa zargin ƙin Yahudawa. Simenon kuma bai yi wa mai karatu alkawarin warkewa ba: a shafin ƙarshe Loursat yana zaune shi kaɗai a gidan giya da kofinsa.

Lauya mashayi ya sake bayyana a Boston a fim ɗin The Verdict na Sidney Lumet, a 1982, inda Paul Newman ya fito a matsayin Frank Galvin. Shari'ar wata mata ce da ta faɗa doguwar suma saboda sakacin likitoci a wani asibitin coci. Galvin ya ƙi karɓar dala dubu 210 na sulhu, ya kuma gano a tsakiyar shari'a cewa matar da ya fara so ƴar leƙen asirin lauyan ɗaya ɓangaren ce. Alƙali ya soke shaidar ma'aikaciyar jinyar da ta tona cewa an sauya alƙalami a takardar asibiti, amma talakawan da aka zaunar su yanke hukunci sun riga sun ji, suka bi abin da suka ji. Amurka ta fi Zola kyautata zato ga kotu.

Akwai wasu zare biyu da suka faro tun kafin wannan, waɗanda sai a ƙarni na 21 aka tufka su igiya ɗaya. Na farko shi ne mantuwa. Tun a 1868 Wilkie Collins, a The Moonstone, ya kawo saurayin da ke neman ɓarawon wani lu'ulu'u ruwa a jallo, ashe shi ne ya ɗauke shi da hannunsa cikin dare, bayan an zuba masa ruwan ofiyom a abin sha bai sani ba. A fim ɗin Black Angel na 1946 dabarar ta koma kan giya: wani makaɗin piyano mashayi yana taya wata mata neman wanda ya kashe tsohuwar matarsa, don a ceci mijin matar daga kisa, har tunaninsa ya dawo ya ga hannunsa ne. Likita Donald Goodwin da abokan aikinsa sun yi nazarin wannan giɓi na maye a 1969, suka rarrabe iri biyu. Akwai wanda guntaye ke saura, har wata alama ta iya farkar da su. Akwai kuma wanda ba abin da ya saura sam, domin barasa ta hana sashen ƙwaƙwalwa mai ajiyar sabon abu yin aikinsa. Mutum yana tafiya, yana magana, yana faɗa, amma ba a rubuta kome ba, don haka babu abin da za a tuno.

Zare na biyu ya fito daga hannun Patrick Hamilton, marubucin Ingila wanda shi kansa giya ta hallaka a 1962. A wasan kwaikwayonsa Gas Light na 1938, miji ne ke ɓoye kayan gida yana cewa matarsa ta ɓatar, yana fita da dare fitilun gas na dusashewa, har ta fara yarda cewa hankalinta ya taɓu. Fim ɗin 1944 ya ba Ingrid Bergman kyautar Oscar, sunan wasan kuma ya zama kalmar da Turawan Ingila ke kiran wannan nau'in zalunci da ita har yau. Matar Hamilton ba ta sha. Amma duk wanda ya ajiye wasan kusa da binciken Goodwin zai ga abin da ya rage a yi: mijin da matarsa ke da giɓi a tunaninta ba ya bukatar ɓoye kome. Ya isa ya jira safiya ya ba ta labarin abin da ta yi jiya.

Wannan shi ne ginshiƙin The Girl on the Train, wanda Paula Hawkins ta fitar a watan Janairu na 2015, aka kuma fassara shi da Faransanci a shekarar da sunan La Fille du train. An haifi Hawkins a 1972 a birnin da yanzu ake kira Harare, ta yi aikin jarida a Landan a fannin kuɗi. Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan 20, Amurkawa suka mai da shi fim a 2016, Indiyawa kuma suka yi nasu da harshen Hindi a 2021. Rachel Watson ta fara sha ne bayan ta nemi haihuwa ta rasa. Mijinta Tom ya sake ta ya auri farkarsa Anna, suka haihu, suna zaune a gidan da Rachel ta shirya da hannunta. An kore ta daga aiki, amma kullum tana shiga jirgin safe zuwa Landan don kada mai masaukinta ta gane. Jirgin yakan tsaya a wata alama daura da tsohuwar unguwarta, ta taga tana kallon wasu ma'aurata a wani gida kusa da nata na da, ta ƙaga musu suna da zaman lafiya. Hoton Zola ne aka juya: a 1890 mai shaida yana ƙasa yana hango laifi cikin jirgi, a 2015 tana cikin jirgi tana hango shi a ƙasa. Wata safiya ta ga matar, Megan, tana sumbatar wani namiji. Washegari da dare Megan ta ɓace. Rachel ta farka da rauni a kai da jini a hannu, ta san ta je unguwar a daren, ba ta tuna kome ba.

Ta kai kanta wurin ƴan sanda. Suka saurare ta, suka bincika, suka gano ƙaryar aikin, suka ji daga bakin Anna cewa tana damun gidansu da waya cikin dare, suka ajiye maganarta gefe. Ba za a ce sun yi wauta ba. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaida sai ta adili, kuma wanda aka sani da shan giya ya fita daga wannan siffa. Kalmar ma ɗaya ce da adalci. Dokar Ingila ba ta da wannan shinge a rubuce, kowa na iya shaida, amma ɗan sanda da lauya suna auna mutum kafin su auna maganarsa, sakamakon kuma kusan ɗaya ne. Ƙa'idar tana da hikima, domin tana kare wanda ake tuhuma daga bakin da ba shi da tabbas, kuma littafin kansa ya nuna haka: shaidar farko ta Rachel ta jefa wani likitan ƙwaƙwalwa marar laifi cikin zargi. Abin da Hawkins ta ƙara shi ne farashin ƙa'idar. Idan kowa ya san ba a jin maganar mashayi, to mai mugun nufi ya sami wurin da zai aikata abin da ya ga dama, wato gaban idonta.

Tom ya yi shekaru yana wannan noma. Kowace safiya bayan maye yakan gaya wa Rachel cewa ta zagi mutane a wurin biki, ta kai masa duka da sandar wasan golf, ta kunyata shi. Takan ba da haƙuri a kan abin da ba ta tuna ba. Sai daga baya guntayen suka fara dawowa, ta ga cewa a hannunsa sandar take. Shi ne kuma ya buge ta a daren da Megan ta ɓace, shi ne farkan Megan, shi ya kashe ta a daji da ta gaya masa tana da ciki. Mai sukar adabi na iya cewa tunanin Rachel ya dawo daidai lokacin da marubuciyar ke bukatarsa, kuma likita zai ƙara da cewa irin giɓin da aka siffanta da farko ba ya cika komawa haka. Sukar tana da tushe. Muryoyin matan uku da ke karɓa-karɓar ba da labarin su ma sun yi kama da juna fiye da yadda ya kamata. Duk da haka littafin ya faɗo a kan gaɓa. Faransa ta sa cin zarafin tunani tsakanin ma'aurata cikin laifuffuka a 2010, Ingila kuma ta yi dokar hukunta mallake abokin zama da tursasa shi a 2015, shekarar da littafin ya fito. Abin da Hamilton ya nuna a dandali shekara 77 kafin nan ya shiga kundin doka.

Sai dai Tom bai kai gaban wannan doka ba, ko wata. A farfajiyar gidan, yana jan Rachel zai kashe ta, ta caka masa ƙarfen buɗe kwalbar giya a wuya. Anna ta fito daga ɗaki ta durƙusa kansa. Daga nesa sai a ce tana ƙoƙarin tsai da jini ne, alhali murɗa ƙarfen take yi yana ƙara nutsewa. Da ƴan sanda suka zo, Anna ta ba da shaida cewa Rachel kare kanta ta yi, ita kuma ta yi iya ƙoƙarinta ta ceci mijinta. Matar aure ce mai goyo, ba a taɓa saninta da maye ba, aka rubuta maganarta yadda ta faɗe ta. Rachel ta bar garin ta nufi arewa a jirgin ƙasa, tana da ƴan makonni ba ta sha ba.